Wa ya san asalin kiɗan sarewar gora ta Japan?

Ɗan Tela: Salamu alaikum. Wata uku ke nan nake kunna kiɗan shakuhachi, wato sarewar gora ta Japan, in ina ɗinki da daddare. Akwai wanda ake kira Shika no Tone, sarewa biyu suna amsa wa juna. Waƙar soyayya ce ko ta bauta?

Malam Buba: Wa alaikumus salam, ɗana. Sunan na nufin kukan barewa daga nesa, namiji da mace suna kiran juna a dawa. Yana cikin kiɗa 36 na makarantar Kinko, wato wani salon busa, wadda ta samo suna daga Kurosawa Kinko, wanda ya rasu a 1771. Masu busa irin wannan kiɗa a da 'yan ɗariƙar Fuke ne, mabiya Buda, suna yawo da kwando kife a kai har ya rufe fuska. Busar ibada ce a wurinsu. Gwamnati ta rushe ɗariƙar a 1871.

Hajiya Talatu: Ni kam na gwada saurare, barci ya kwashe ni. Ba ganga, ba amo!

Malam Buba: Hajiya, numfashi ake bi, ba ganga ba. Ramukan yatsa biyar kacal sarewar take da su.

Ɗan Tela: Biyar? Allah ya saka da alheri, Malam, na zaci sun kai goma.