Musayar Waƙa: Kara Ɗaya Bayan Shayi

Ɗan Tasha:
Kara ɗaya bayan shayi ba laifi ba,
Kakana ya sha ta, bai mutu da ita ba,
Ku bar ni da hayaƙina, ban roƙe ku ba.

Anti Mai Allura:
Kakan ka tuna, tarinsa ka manta,
Taku goma zuwa masallaci sai ya huta,
Huhu jakunkunan iska ne, taba ta ɓata,
Wadda ta fashe ba ɗinki, ba mai gyara ta.

Na Baya:
Allah ya ƙara basira, Anti! Kin kai shi ƙasa.

Ɗan Tasha:
Anti mai allura, sannu da tsawa,
Murhun gidanku hayaƙi yake turawa,
Inna ba ta shan taba, tarinta ba ya tsayawa.

Anti Mai Allura:
Gaskiyarka, hayaƙin itace yana kamawa,
Inna dole ta sa ta, tuwo take tuƙawa,
Kai da kuɗinka ka je ka sayo shaƙewa,
Sinadarai sama da 7,000 kake zuƙawa.

Malam Aruli:
Ɗango na ƙarshe ya karye, Hajiya. Ba a cusa lamba a baiti. Kuma amsa-amon nan na yaron ne, aro kika yi.

Na Baya:
Haba Malam, ana maganar huhu kana auna kari? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar toshewar huhu ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021.

Malam Aruli:
Ban musa ba, ɗana. Amma gurguwar waƙa gurguwa ce. Kai da ba ka taɓa kawo ko ƙwar biyu ba, tafi kawai ka iya.

Ɗan Tasha (bayan kwana biyu):
Jiya babur ya mace, na tura shi kan tudu,
Ƙirji na ƙugi kamar na yi gudu,
In na bari yanzu, ɓarnar za ta gudu?

Anti Mai Allura:
Abin da ya yage ya yage, ƙanena,
Sauran kake ceto in ka ji batuna,
Je asibiti ka busa na'ura su auna.

Malam Aruli:
Ɗan Tasha, ka maimaita "gudu" sau biyu. Gyara.