Wuta ta dawo, kwamfuta ta ƙi tashi

Sabon Shiga: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina barin kwamfuta a kunne a gida, haɗe da UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. In batir ya ja baya tana kashe kanta lafiya lau, amma in aka kawo wuta sai ta yi shiru, sai na dawo na danna. Wane UPS zan saya?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Kar ka sayi komai tukuna. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, nemo inda aka rubuta AC Power Loss, ka mai da shi Power On, don ta tashi da kanta in wuta ta dawo.

Sabon Shiga: Na yi, Malam. Wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi.

Dattijo: Ai dole. Ita ba ta sanin an kawo wuta sai in ta yanke mata gaba ɗaya sannan ta dawo. In ta sauka, wato ta kashe kanta, UPS bai kai ga kashe soket ba aka kawo wuta, a wajenta ba abin da ya faru. Haɗa kwamfutar da UPS ɗin da kebul na USB, ka sa manhaja irin NUT ko apcupsd ta umarce shi ya yanke soket bayan ta sauka.

Uwar Biyu: Ni dai ku yi hattara da ƙarfin da aka rubuta a kwalin UPS. Na ga 1000VA na ɗauka wat 1000 ne, ashe bai wuce 600 ba. Na jona kwamfuta da allo, har da firinta mai leza, don ramukan soket sun yi saura. Ranar ina buga takardun da na kwana a kansu aka ɗauke wuta. Ƙara ɗaya ya yi, ƙiii, allo ya yi baƙi, takarda ta tsaya rabi a bakin firinta. Da na buɗe shi daga baya, batirin 12V ɗin ya kumbura, don a lungu mai zafi na ajiye shi.

Mai Gyara: Firinta mai leza a UPS? Hajiya, ke kika yanka shi 😂

Ɗan Inbata: Ku bar wahala, inbata ta fi.

Dattijo: Ta fi daɗewa, yaro, ba sauri ba. In wuta ta yanke, abin da ke cikin kwamfuta yana riƙe ta kamar milisakan 16 ne kawai (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Ƙaramin UPS yakan juya kan batir cikin 10 ko ƙasa. Wata inbatar kafin ta juya an riga an mutu.

Ɗan Inbata: Tawa ba ta taɓa ba, Baba.

Uwar Biyu: Kai da laftof kake aiki, ina za ka sani?

Mai Gyara: In tana mutuwa daidai lokacin juyawa, a duba ko wutar UPS ɗin tsantsar sine ce, wato mai tafiya sumul irin ta NEPA, wasu kwamfutocin ba sa son ta kwaikwayo.

Sabon Shiga: To kebul ɗin nan, irin na firinta ne? Akwai wani rami mai kusurwa huɗu a bayan UPS ɗin.