Makonni 12 suka rage kafin jarrabawar tarihi, ɗalibaina kuwa suna ta mantuwa: ta ina zan fara?

Sabuwar Malama ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena malamai. Wannan ce shekarata ta biyu a aikin koyarwa, kuma ita ce ta farko da aka damƙa mini ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, wato yaran da za su zauna jarrabawar bai-ɗaya wadda ba mu ne muke tsara tambayoyinta ba, ba kuma mu ne za mu duba takardunta ba. Ɗalibaina 58 ne, masu shekara 13 zuwa 15, ina shiga ajinsu sau uku a mako, minti 40 kowane darasi.

Makon jiya na yi musu gwaji a kan abin da suka karanta tun daga aji ɗaya, sakamakon kuwa ya hana ni barci. Yaran da suke rige-rigen ɗaga hannu a aji su ne suka fi ba ni mamaki, domin akwai wanda ya sa hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, bayan Taron Balin da ƙasashen Turai suka yi kan rabon Afirka, kuma fiye da rabin ajin sun rubuta cewa shekarar 1804 tana cikin ƙarni na 18. Abin da na saba yi shi ne in cika allo da bayani su kwafa, sannan in umarce su su maimaita karanta shi a gida. Har yanzu akwai batutuwa biyu a manhaja da ban taɓa ba. Shin in ƙarasa manhajar ne, ko in ajiye ta in koma bita? Kuma yaushe ya dace in fara ba su takardun tambayoyin shekarun baya?

Tsohon Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ki kwantar da hankalinki, makonni 12 darasi 36 ke nan, kuma da su ana iya yin aiki mai yawa. Na yi shekaru da dama ina koyar da wannan fanni kafin in ajiye alli, kuma kuskuren da yaronki ya yi game da Mansa Musa na gan shi ba adadi. Yaron bai rasa ilmi ba, ya san Mansa Musa, ya kuma san Taron Balin. Abin da ya rasa shi ne wurin ɗaure kowannensu. Mun koya masa labarai ɗaya bayan ɗaya, kowane labari a sake kamar dabbar da ba turke, shi ya sa da aka tambaye shi wanne ya riga wanne sai suka cakuɗe masa.

Saboda haka ki fara da kafa turaku. Ki ja dogon layi a bangon aji daga wannan kusurwa zuwa waccan, ki raba shi ƙarni-ƙarni, sannan ki zaɓi shekaru kamar 15 ko 20 daga manhajarku, ba fiye da haka ba, waɗanda kowane yaro zai haddace su har ya iya faɗarsu ko daga barci aka tashe shi. Idan manhajarku ta ƙunshi daulolin Afirka ta Yamma, misali, za ki iya ɗaukar 1324 don hajjin Mansa Musa, 1493 don hawan Askiya Muhammadu mulkin Songhai, 1591 don yaƙin Tondibi inda rundunar Maroko mai bindigogi ta karya daular, 1804 don hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu, 1884 zuwa 1885 don Taron Balin, sai 1914 don ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk wani abu da za ki koyar bayan haka, tambayar farko ita ce: tsakanin waɗanne turaku biyu ya faɗa? Yaron da ya manta shekarar da matafiyin nan Ibn Battuta ya ziyarci Mali, amma ya san cewa bayan Mansa Musa ne kuma tun kafin Askiya, zai iya ture amsoshi biyu ko uku daga cikin huɗun da aka jera masa, ya tsira da 1352.

Batun ƙarni kuwa, kada ki ba su ƙa'ida su haddace kawai, ki sa su ƙirga da kansu. Ƙarni na farko daga shekara ta 1 ne zuwa ta 100, na biyu daga 101 zuwa 200. Da zarar yaro ya rubuta guda biyar da hannunsa zai gane dalilin da ya sa 1804 take cikin ƙarni na 19. Haka ma shekarun da suka gabaci haihuwar Annabi Isa, waɗanda ake ƙirga su da baya: sai yaro ya tsaya a gaban layin ya ga 500 ta riga 300 a lokaci kafin abin ya zauna masa. Darasi ɗaya cur ki ba wannan, ba asara ba ne.

Mai Nazarin Koyo ta amsa:

Baba Malam ya faɗi abin da za a sa a kan yara, ni kuma zan yi magana a kan yadda zai zauna. Malama, a cikin bayaninki jimlar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta cewa kina sa su maimaita karantawa. Wannan hanya tana yaudarar ɗalibi da malaminsa baki ɗaya, domin idan yaro ya karanta shafi sau huɗu idonsa yakan saba da kalmomin, sai ya ɗauka ya sani, alhali gane abu idan an gan shi daban, fito da shi daga ka lokacin da littafi yake rufe kuma daban. A ɗakin jarrabawa na biyun ake nema.

An daɗe ana bincike a kan wannan. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mantuwa tana da sauri ƙwarai a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Amurka, suka ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu: wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda sai reshe ya juya da mujiya, masu rubutawa daga ka suka tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kuwa kashi 40. Wanda ya fi kusa da halin da kike ciki shi ne binciken Shana Carpenter da abokan aikinta na 2009, domin a kan 'yan aji takwas aka yi shi, sa'o'in ɗalibanki, kuma a darasin tarihin Amurka. Abubuwan da aka yi bitarsu ta hanyar tambaya tare da nuna amsar daidai sun fi zama a kan yaran bayan wata tara fiye da waɗanda aka sake karantawa kawai, kuma sun kusan ninka waɗanda ba a yi bitarsu ba sam.

Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne ba sai kin zaɓi ɗaya tsakanin ƙarasa manhaja da bita ba. Ki ware minti bakwai ko takwas na farkon kowane darasi, littattafai a rufe, ki yi tambayoyi biyar: biyu daga darasin da ya gabata, ɗaya daga makon jiya, biyu daga aji ɗaya ko aji biyu. Kowa ya rubuta amsa, ba masu ɗaga hannu kaɗai ba, sannan ki faɗi amsoshin nan take, domin kuskuren da aka bari ya kwana yakan zama shi ne abin da yaro ya haddace. Sauran mintunan ki ci gaba da sabon batu. Tambayar da yawancinsu suka faɗi, ki dawo da ita bayan kwana biyu, sannan bayan mako guda, sannan bayan wata.

Sharaɗi ɗaya ne: kada ki sa makin wannan gwaji a cikin sakamakon zango, kada kuma ki hukunta wanda ya kasa. Da zarar ya zama abin tsoro za su koma leƙen takardar juna, amfanin kuwa yana cikin wahalar da ƙwaƙwalwa take sha wajen lalubo amsa. Ki kuma gaya musu tun farko cewa za su ji kamar wannan hanya ta fi wuya, kuma haka ne, ta fi wuya.

Mai Duba Takardu ya amsa:

Na yarda da malamaina biyu, amma ina da ɗan ja. Idan aka bi shawararsu ba tare da lura ba, tambayoyi biyar ɗin nan za su zama duk na "wace shekara" da "wane ne", domin su ne suka fi sauƙin tsarawa da dubawa. Na sha duba takardun yara a irin wannan jarrabawa, kuma ba a wurin shekaru aka fi zubar da maki ba. An fi zubar da shi a inda aka ce "bayyana dalilai" sai yaro ya ba da labari. A tambaye shi dalilan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya cika shafi da yadda aka harbe Yarima Franz Ferdinand, mai jiran gadon sarautar Ostiriya, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, 1914, ya tsaya nan. Abin da ya rubuta gaskiya ne, amma ya kawo ashanar ne ya bar busasshiyar ciyawar, wato ƙawancen soja da ya raba Turai gida biyu, da gasar tara makamai, da rububin mallakar ƙasashe, da kishin ƙabila a yankin Balkan. Ki koya musu raba dalili na nesa da na kusa a kowane batu, har ya zame musu jiki. Ki kuma nuna musu cewa "lissafa" da "bayyana" da "kwatanta" ba abu ɗaya suke nema ba: wanda aka ce ya lissafa abu uku ya rubuta shafi guda ya ɓata lokacinsa, wanda aka ce ya bayyana ya jera kalmomi uku kuma ya yar da rabin makinsa.

Idan jarrabawarku tana kawo ɗan guntun rubutu ko hoto ko taswira a yi tambaya a kai, to sai yara sun iya bambanta ganau da jiyau. Misalin da nake so shi ne na Mali. Ibn Battuta ya taka ƙasar da ƙafarsa, ganau ne. Marubuci Al-Umari kuwa, wanda ta hanyarsa muka san yadda zinariyar Mansa Musa ta karya darajar zinariya a Alƙahira, bai ga sarkin ba, daga bakin waɗanda suka yi hulɗa da shi ya ji bayan shekaru. Sai dai ki ja musu kunne kada su ɗauka duk abin da ganau ya faɗa shi ke nan, domin shi ma yana da abin da yake so da abin da yake ƙi, kuma Ibn Battuta bai ɓoye ɓacin ransa ba game da ƙanƙantar kyautar da Mansa Sulaiman, sarkin Mali na lokacin, ya aiko masa.

Game da takardun shekarun baya, ke ce ya kamata ki fara zama da su tun yau, ba yara ba. Ki ɗauki na shekara biyar, ki ƙirga tambaya nawa ta fito daga kowane batu, nan za ki ga inda masu tsara jarrabawar suka fi karkata, ki kuma san nauyin batutuwa biyun da suka rage miki. Ni dai ban goyi bayan a tsallake su ba ko da kaɗan suke fitowa. Darasi biyu-biyu ya ishe su. Yara kuwa ki riƙa tsakuro musu tambayoyi kaɗan-kaɗan, cikakkiyar takarda da agogo a gabansu sai a makonni huɗun ƙarshe, sau biyu ko uku. A nan ne za su koyi tsallake tambayar da ta gagare su su dawo mata daga baya, da duba lambar tambaya kafin su cike gurbin amsa, domin yaro ɗaya da ya zame da layi guda yana iya rasa maki goma da ya sani.

Sabuwar Malama ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na ja layin a bango ranar Litinin, kuma yaron nan na Mansa Musa da kansa ya auna tazarar da ke tsakanin 1324 da 1884 da tafin hannu, ya ce ashe shekara 560 ce, ajin ya kwashe da dariya har da shi. Na fara tambayoyi biyar ɗin, na kuma sa ɗaya ta zama ta "me ya sa" kamar yadda Mai Duba Takardu ya ja hankalina. Abin da ya rage mini shi ne duba takarda 58 sau uku a mako, ga sauran azuzuwa suna jirana.

Tsohon Alli ya amsa:

Ba ke za ki duba ba, ɗiyata. Kowane yaro ya gyara tasa da biro mai wani launi yayin da kike faɗar amsoshin, tunda babu makin da zai sa ya yi maguɗi. Bayan kowace tambaya ki ce waɗanda suka samu su ɗaga hannu, ki rubuta adadin a gefen littafinki. Duk wadda ba ta kai hannu 30 ba, ita ce za ta dawo jibi. Ta "me ya sa" ɗin kaɗai za ki karɓa, ita ma takarda goma a kowane darasi, kina juyawa layi-layi, ta yadda a cikin mako biyu rubutun kowane yaro zai ratsa ta hannunki sau ɗaya.