Jirgin rimot na farko: abin da masu tayar da shi a Legas suka gani

Mai tambaya, daga Agege: Assalamu alaikum. Ina so in sayi jirgin sama mai rimot, mai aiki da batir, domin ni da ɗana mu koyi tuƙi, sai dai yaron ya kafe a kan wani mai siffar jirgin yaƙi. Ina roƙon waɗanda suka riga mu shiga harkar su gaya mana da wanne suka fara, da kuma yadda ta kaya.

Daga Ikorodu: Wa alaikumus salam, Malam. Ka lallashi yaron ya haƙura tukuna, domin irin wancan jirgi gudu gare shi, kuma da ka rage masa totur sai ya karkata ya nufo ƙasa kafin ka gane abin da ke faruwa. Ni da Bixler na fara, jirgin soso mai tauri wanda fiffikensa ke saman gangar jiki, farfelarsa kuma tana bayan fiffiken tana turawa. Amfanin wannan tsari shi ne, duk ɗan koyo da hanci yake sauka, to idan injin da farfela suna gaba, su ne za su fara karyewa, amma a nawa soso ne kawai ke motsewa. Hancinsa ya sha gam da salatif har ya canza kama, ga ɓurɓushin ciyawa a manne, amma injin bai taɓa samun matsala ba. Ka kuma duba a ce bakin fukafukan ya ɗan ɗaga sama, domin hakan ne ke sa jirgi ya miƙe da kansa idan ka saki sandar tuƙi da ke kan rimot.

Daga Idi-Araba: Na yarda da Yaya na Ikorodu, amma zan ƙara maganar girma. Saboda araha na ɗauki Volantex Ranger 600, wanda faɗin fukafukansa santimita 60 ne. Da sassafe yana tashi lafiya lau, amma da rana ta ɗaga, iskar teku ta fara kaɗawa, sai ka ga ya tsaya cik a sama yana ja da baya duk da totur na ƙarshe. Mutane suna zaton ƙaramin jirgi ya fi sauƙin koyo, alhali mai faɗin mita 1 zuwa 1.5 ya fi natsuwa, kuma ana hango shi daga nesa a san inda ya dosa.

Daga Ikorodu: Gaskiya ne, ƙanena, sai dai kada a raina ƙaramin gaba ɗaya, tunda a filin ƙwallo ma yana wadatuwa, babba kuwa sai an nemo masa sarari.

Daga Obalende: Nawa AeroScout ne na HobbyZone, mai faɗin mita 1.1, kuma abin da ya ja ni gare shi shi ne na'urar SAFE da ke cikinsa. A matakin ɗan koyo ba ta barin jirgi ya karkata fiye da kima, kuma akwai maɓallin da za ka danna ya daidaita idan ka rikice. Ta taimake ni ƙwarai a lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantata, wanda a nan ne dama ke komawa hagu a idon mutum. Amma a ganina kada a daɗe a kanta, domin na ga wanda ya saba da ita, ranar da ya kashe ta sai ya zama kamar bai taɓa riƙe rimot ba. Kafin ka taɓa jirgin ma, ka sauke manhajar kwaikwayo irin PicaSim, ku yi ta faɗuwa a waya ko kwamfuta inda babu asara.

Wani dattijo daga Badagry: Malam na Agege, babbar matsalarka ita ce wuri. Kana maƙwabtaka da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, saboda haka kada ka kuskura ka tayar da komai a unguwarku. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta yi gargaɗi a kan tayar da jirage marasa matuƙi ba da izini ba, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da hannu a wannan izini, don haka ka nemi bayani a wurinsu kafin ka yi odar kaya daga waje, kada su maƙale a kwastan. Mu a nan fili mai ciyawa muke nema, nesa da jama'a da wayoyin lantarki. Bakin teku yana da ban sha'awa, amma yashi yana shiga cikin injin ya manne a maganaɗisunsa, gishiri kuma yana cin ƙarafa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba. To batun batir fa?

Daga Mile 12: Irin waɗannan jirage yawanci batir LiPo (wani nau'in batirin lithium da ake caji) mai gida uku, wato ƙananan batura uku a haɗe, suke amfani da shi, mai bolt 11.1, kuma mai 2200mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) shi ne ya fi yawa a hannun mutane. Guda ɗaya 'yan mintuna kawai zai ba ka, saboda haka ka sayi biyu ko uku, tare da farfela ta ajiya, domin jiran ƙaramin abu daga China yana iya cinye maka lokacin rani. Kowane gida yana cika a bolt 4.2, idan kuma za a ajiye shi na kwanaki sai a bar shi a wajen 3.8. Ba a cajinsa a tafi a bar shi, ba a barinsa cikin mota a rana, kuma wanda ya kumbura an daina amfani da shi ke nan. Ni cajar da ke karɓar bolt 12 na saya, ina jona ta da batirin mota a fili, ban damu da ko an kawo wuta ba. Idan ba ka da rimot, ka nemi wanda aka rubuta RTF a kwalinsa, wato da rimot ɗinsa yake zuwa, amma ka tambayi mai sayarwa ko batir da caja suna ciki, domin wasu ba sa haɗawa da su.