Rotifa yau da ƙaya, gobe gundul: wa ya taɓa gani a ruwan Nilu?

Ɗan Maiurno: Salamu alaikum jama'a. Lokacin da nake binciken kammala digiri, duk wata sai na je madatsar Sinnar a Sudan na ɗebo ruwa, na tace da lallausar raga, na duba a mijhar, wato madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Cikin sanyi na zana wata rotifa, wato 'yar mitsitsiyar halittar ruwa, mai dogayen ƙayoyi biyu a gindi. Da bazara na ga wata gundul, sai na rubuta su jinsi biyu. Malamina ya bi da jan biro: duk Brachionus calyciflorus ce. Akwai wanda ya taɓa shan wannan kunyar?

'Yar Gadarif: Yaya, ba kai kaɗai ba ne. Ni wata rotifa mai suna Keratella tropica ce ta ba ni wahala a Jabal Auliya, kan Farin Nilu. Ƙayar dama doguwa, ta hagu wani lokaci guntuwa, wani lokaci babu ita sam. Wata biyu ina zaton ni ce nake karya su da gilashi, har na daina dannawa!

Mai kiwon kifi, Madani: Ni a kududdufan renon 'ya'yan kifi na san su, tunda su ne abincin farko. Na daɗe ina ɗora laifin a kan zafi da sanyi, yadda littattafan Turai suka saba faɗa. Sai na lura duk sanda ƙayoyi suka yi tsawo, akwai Asplanchna a ruwan, wata ƙatuwar rotifa kamar jakar leda mai haɗiye 'yan'uwanta. Wani sinadari take saki, uwa ta ji shi, 'ya'yan da za ta haifa su fito da ƙaya. Ita uwar tana nan yadda take. Da yake matan suna haihuwa ba namiji, cikin 'yan kwanaki kududdufi ya sake kama. Halittar da ba ta kai rabin milimita ba, amma tana yi wa 'yarta shirin yaƙi tun daga ƙwai.

'Yar Gadarif: Baba, to da damira fa, lokacin cikar Nilu?

Mai kiwon kifi, Madani: 'Yata, a watan Agusta Shuɗin Nilu taɓon Habasha ne zalla. Na tace bokiti biyar ban samu ko ɗaya ba. Sai ruwa ya kwanta wajen Nuwamba suke dawowa.

Ɗan Maiurno: Ashe Asplanchna ya kamata in riƙa ƙirgawa. Ni kuwa zafin ruwa kawai na rubuta, shekara guda cur.