Shawarwari kan tsaya wa baƙi 'yan ci-rani

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a tsaya wa baƙi 'yan ci-rani, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne a fara da sauraro. Baƙin su faɗi buƙatunsu da bakinsu, a kuma dama da su a shugabancin ƙungiyar da ke tsaya musu.

An daɗe kan maganar takardu. Baƙo ya ajiye kwafin fasfonsa wurin amintacce, ya haddace lambar lauya, kuma kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba sai an kawo tafinta. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin sa hannu guda kan iya sa a tasa ƙeyar mutum.

Masu neman mafaka kuwa, a sanar da su cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta hana mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ke cikin haɗari.