Neman kalmar Hausa: me za mu kira "adifokin"?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya na rediyo kan amosanin gaɓɓai, irin wanda guringuntsi ke zaizayewa. Likitan da na yi hira da shi ya ce nauyi kaɗai ba ya bayyana ciwon, domin masu ƙiba sun fi kamuwa da shi har a yatsun hannu, alhali yatsu ba sa ɗaukar nauyin jiki. Kitsen ne da kansa yake sakin wasu abubuwa cikin jini, su leftin da adifonektin, a jimlace adifokin. Yawancin masu saurarona iyayenmu mata ne a karkara. Me zan ce musu?

Nas Hadiza: Wa alaikumus salam. Sinadaran kitse mana.

Malam Bello: Ranki ya daɗe, mai sauraro zai ɗauka abin da aka haɗa kitse da shi ake nufi. Nan kuwa kitse ne mai aikowa, gaɓa ce mai karɓa. Ni dai 'yan aiken kitse. Na so in ce manzanni, sai na ga kalmar ta fi ƙarfin wurin.

Baban Khalifa: Sai yaushe za mu daina jera kalmomi uku a inda ɗaya ta isa? Masanin aikin jiki Ernest Starling ya fito da kalmar homon, wato sinadarin da wani sashen jiki ke aikawa ta jini zuwa wani sashe, a 1905 daga Girkanci, ma'anarta zaburarwa. Muna da zuga, muna da tsarin mantau da makarau. To, ZUGAU. Homon zugau, adifokin zugau na kitse. Shekara biyu ke nan ina kawo wannan kalma a zauren nan.

Nas Hadiza: Kalmar zugau ta zauna ga leftin, gaskiya. Ana samunsa a ruwan gaɓa, har kitsen da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa yana fitar da shi, kuma yana sa ƙwayoyin guringuntsi su saki abin da ke cinye guringuntsin. Zuga ce sosai. Amma adifonektin fa? Shi raguwa yake yi a jini idan ƙiba ta ƙaru, kuma a jijiyoyin jini kumburi yake kwantarwa.

Malam Bello: Ga shi a kunnen Bahaushe zugau mai haɗa faɗa ne.

Ɗan Damagaram: Mu nan ormon muke ji a likita, daga Faransanci, kuma marasa lafiya na ganewa. Kullum ku ƴan Kano ku ƙera kalma, ku ce ita ce Hausa, mu bi. An taɓa tambayarmu?

Baban Khalifa: Ɗan uwa, ni Bazazzagi ne. Kuma aron Faransanci bai fi aron Ingilishi daraja ba, duk raina harshenmu ne.

Ɗan Damagaram: Rediyon da za a sa shirin ma aro ne. Ba mu raina Hausa ba don mun ce ormon.

Maman Ilham: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. Sunan leftin fa, in fassara?

Nas Hadiza: Bar shi yadda yake, suna ne. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano shi a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka. Ki dai gaya wa iyayenmu cewa mata sun fi maza yawansa a jini, kuma rage ƙiba riba biyu ne: nauyi ya sauka daga gwiwa, leftin ma ya ragu.

Maman Ilham: To, gobe zan ce "'yan aiken kitse, waɗanda likitoci ke kira adifokin". Na gode ƙwarai.

Baban Khalifa: Ban gamsu ba, ya yi tsawo ga littafin makaranta. Amma tunda na kunne ne, ki tafi da shi. Maganar homon dai ba mu gama ba, zan buɗe mata nata zaren.